Sunaye Goma Sha Bakwai da Suka Kai Ni Malta

Tun da na dawo daga Malta ban huta ba. In na fito daga masallaci a tare ni, in na tsaya sayen balangu a Mandawari a tare ni, har mai gyaran babur ɗina na Kabuga sai da ya ajiye sifana ya ce, "Malam Tijjani, wai da gaske Turawa sun tsare ka?" Ba wanda ya tsare ni. Amma duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai wa na gaba, har na ji an ce wai da jirgin yaƙi aka dawo da ni. Na gaji. Ga shi nan a rubuce, wanda ya sake tambaya ta in miƙa masa takarda. Abin da ya shafi aikin kansa ba zan faɗa ba, na sa hannu a kan haka. Tafiyar kuwa tawa ce, ba wanda ya hana ni ba da labarinta.

Ni malamin Larabci ne a makarantar sakandare, shekara goma sha shida ina cin alli. Wata rana wani abokin karatuna ya turo mini sanarwa: wata hukumar tsaro ta ƙasashen Turai tana neman masu jin Larabci da Hausa, su riƙa saurare suna fassara saƙonnin mutanen nan da ke kwasar 'ya'yan jama'a su ratsa sahara da su, su zuba su a kwalekwale. Abin ya taɓa ni, don ɗalibaina biyu sun bi wannan hanya, kuma ɗaya har yau ba labarinsa. Na nema, aka yi mini jarrabawa ta kwamfuta, na ci. Sai aka turo fom ɗin tantancewa, wanda da shi suke bincikar asalin mutum kafin su yarda ya ji sirrinsu.

A cikinsa akwai tambayar da ta ce in lissafa duk wanda na karɓi Larabci daga gare shi, da garinsa. To, ni ɗan zaure ne kafin in zama ɗan jami'a. Mahaifina, Baba Goni, wanda kakanninsa suka zo daga Barno, shi ya karantar da ni a zaurenmu tun ban iya ɗaura wando ba. A wajenmu kuwa in aka tambaye ka a wajen wa ka karɓi karatu, ba suna ɗaya ake faɗa ba. Sai ka ce na karɓa daga wane, shi daga wane, shi kuma daga wane, har iyakar inda aka haddace maka. Wannan ita ce silsila, kuma yanke ta rashin kunya ne. Saboda haka na ƙara takarda, na jero su goma sha bakwai, daga Baba a Kano zuwa Kukawa, Agadas, Timbuktu, Fas, har Alƙahira. Don in sauƙaƙa musu ma har na ja 'yar kibiya daga kowane suna zuwa na gaba. Wajen lambar waya na ja layi. Ban rubuta cewa goma sha shida daga ciki sun rasu ba, don ban ga gurbin da aka tanada wa hakan ba, kuma a ganina wa zai tambaya?

Bayan mako uku amsa ta zo, gajeriya, ba ko gaisuwa. Suna buƙatar ganina ido da ido a ofishinsu na Malta, game da "wasu alaƙoƙi" da na ambata. Sun kuma bayyana cewa wanda ya faɗi a wannan mataki ba aikin kaɗai yake rasawa ba, sunansa da na waɗanda ya ambata suna shiga kundin waɗanda ake sa wa ido. Nan take na tuna da Baba. Sunan farko a jerin nan na tsoho ne mai shekara tamanin da ɗoriya, wanda bai taɓa shiga ofishin 'yan sanda ba ko don kai ƙara. Ban gaya masa dalili ba, na ce masa ganawa ce kawai. Ya tofa mini addu'a a ka, ya ce in ga teku in gaishe ta.

Biza ta ci mini zuwa Abuja sau biyu, karo na biyu saboda hoton da na kai wai hulata ta rufe goshi. Matata Hajara kuwa ta shirya jaka kamar mai aika ni inda ba a dafa abinci: kilishi ƙunshi biyar, yaji, garin kunu, dabino. Daga Kano muka tashi zuwa Istanbul, na yi awa bakwai a filin jirgin da ya fi unguwarmu girma, ina bin wata Hajiya 'yar kasuwar Kwari mai sarin atamfa kamar jela, don ita ta san inda ake alwala. Daga can sai ƙaramin jirgi. Malta tsibiri ne tsakanin Libiya da Italiya, kuma da na leƙa ta taga na ga ƙanƙantarsa, sai da na yi addu'a kada direba ya wuce shi.

A wajen duba kaya wani kare ya zo ya zauna a gaban jakata ya ƙi tashi. Wata jami'a ta buɗe, ta ce nama ba ya shiga ƙasarsu. Na yi bayani, na yi magiya, na ce busasshe ne, ta girgiza kai. Ta fara fito da ƙunshin tana ƙirgawa da yarensu. Sai na ji ta ce, "Wihed, tnein, tlieta, erba..."

"Hamsa," na ce, ban san lokacin da ya fita ba.

Ta ɗago ta dube ni. Ta yi mini wata tambaya, kuma abin mamaki na gane ta sarai: daga ina nake, mene ne sunana. Baturiya ce jar fata, da gicciye a wuya, amma abin da ke fita daga bakinta Larabci ne da aka tauna aka haɗa da Italiyanci. Na amsa da Larabci, ta gane rabi, ta yi dariya ta kira abokin aikinta ya zo ya ji. Duk da haka kilishin bai tsira ba. Yajin dai ta shinshina, ta yi atishawa uku, ta mayar mini da abina.

An sauke ni a gidan wata tsohuwa mai ba da hayar ɗaki, sunanta Karmena, a wani gari da ake kira Rabat. Bazawara ce, gajeriya, mai faɗa, irin tsofaffin nan namu na cikin gari da in sun ba ka abinci sai sun tsaya a kanka ka cinye. Na kira ta Inna tun ranar farko, ta tambayi ma'anarsa, ta karɓa. Kirista ce ta gidi, ba ta fashin coci, amma bakinta ba ya rabo da "Alla". In za ta ce gobe, sai ta ce in Alla ya so. Ƙofa "bieb" ce, gida "dar", burodi "hobz", azuminsu na coci kuma "Randan". Na kasa haƙuri na ce mata, "Inna, ai Larabci kuke yi."

Ta ajiye cokali. "Malti muke yi. Mu ba Larabawa ba ne."

"Ni ma ba Balarabe ba ne, Inna, ga shi da shi nake cin abinci."

Ta harare ni, sannan ta ƙara mini miya. Daga baya na fahimci maganar nan tana sosa musu rai. Larabawa sun zauna a tsibirin tun zamanin da, suka tafi suka bar harshen, mutanen kuma suka riƙe shi suka rubuta shi da boko, amma ba sa son a tuna musu.

Babban abincinsu zomo ne, kuma da giya ake dafa shi. Inna ta wuni tana yi mini shi don karramawa, na ce ba zan iya ci ba, ta yi fushi na awa guda cur. Daga nan muka daidaita a kan burodi da man zaitun da tumatir da kifi, safe da yamma, ni kuma ina barbaɗa yajina. Rana ta biyu da la'asar ina cikin ci sai na ji ƙara, dum! Wata ta biyo baya, tagogi suka girgiza. Duk Bakanon da ya ga shekarun da muka gani ya san abin da jiki ke yi in ya ji haka. Ban ankara ba na gan ni ƙarƙashin tebur, ina salati, burodi a hannu. Inna ta sunkuyo ta leƙo ni, saƙarta a hannu, ta ce bikin waliyyin unguwarsu ne, haka suke harba wuta sama da rana tsaka. Na fito na kakkaɓe riga na ce cokalina ne ya faɗi. Ta ce ai da hannu nake ci.

Ofishin ba shi da allo a ƙofa. Aka karɓe wayata, aka shigar da ni ɗaki mai tebur ɗaya da mutum biyu. Ɗaya dogo ne, matashi, daga ƙasashen arewacin Turai, sunansa Henrik, fuskarsa ba ta motsi. Ɗayan dattijo ne ɗan Malta, Salvu, mai tumbi da furfura, ya fi kama da mai sayar da yadi. Henrik ya shimfiɗa takardata a kan tebur. An zagaye kibiyoyina da jan biro.

"Mista Tijjani," ya ce, "ka ba mu mutum goma sha bakwai a ƙasashe biyar, kowanne yana miƙa wa na gaba wani abu, ba mai lambar waya ko ɗaya. Mun nema, ba mu sami goma sha shida a kowane kundi ba. Wannan na Fas, yaushe rabonka da shi?"

Sai a lokacin na ga abin da idonsu ya gani. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ya rasu tun kafin a haifi kakan kakana."

"Na Agadas fa?"

"Shi ma. Duk sun rasu. Na kusa-kusan nan ma tun ba a haife ni ba ya bar duniya."

Salvu ya rufe baki da hannu, kafaɗunsa suna rawa. Na yi musu bayanin silsila tun daga tushe, Salvu yana gyaɗa kai, na fara jin sanyi a raina. Amma Henrik bai yi ko murmushi ba. Ya ɗora yatsa a kan suna na farko. Ya ce wannan yana raye. Makarantarsa tana da rajista? Na ce zaure ne. Akwai kundin sunayen ɗalibai? Babu. Daga ina suke zuwa? Na ce daga ko'ina, Nijar, Chadi, Kamaru, har Sudan, shekara hamsin ana zuwa. Zan iya rantsuwa cewa ba ɗaya daga cikinsu da ya shiga wata mummunar hanya? Na ce ba zan iya ba, shi ma malamin da ya koya masa lissafi ba zai iya rantse wa duk ajinsu ba. Salvu ya yi tari.

Henrik ya jawo sabon fom fari ya turo mini. Ya ce, cikin murya mai laushi wadda ban ji daga gare shi ba sai lokacin, yana so ya taimake ni. Makaranta marar rajista tana wahalar wucewa a wajen manyansu. In na cike wannan na rubuta jami'a kaɗai, da takardar digirina, za a ajiye tsohon a gefe, ba wanda zai sake tambayar zaure. In tafi da shi in kawo gobe.

Na fito na kama hanyar gida. Kusa da gidan Inna akwai tsohon birninsu mai ganuwa da ƙofa, Mdina suke ce masa, lungunansa ƙanana kamar na Shahuci, sai dai ba akuya ba kwata. Na yi ta zagaye a ciki da fom a aljihu. Gaskiya zuciyata ta raya mini in cike. Na ce ai ba ƙarya zan yi ba, na yi jami'ar. Na ce ai ta haka ma sunan Baba zai fita daga hannunsu, na kare shi ke nan. Amma duk sanda na kai nan sai in tuna ni a jami'a ba abin da aka koya mini na nahawu da ban riga na sha a gaban tsohon nan ba, sai kunya ta kama ni kamar yana kallona.

Na koma gida Inna ta ga fuskata. Ban gaya mata sirrin kowa ba, na ce dai an ce in cire sunan mahaifina daga wata takarda don a ɗauke ni aiki. Ta ci gaba da yanka tumatir. Can ta ce, a zamanin kakarta masu ilimi Italiyanci da Ingilishi suke yi, Malti kuwa yaren kicin suke kiransa, wanda ya yi karatu har kunyar yin sa yake a gaban mutane. "Kawuna ya zama lauya," in ji ta, "in uwarsa ta zo ofishinsa sai ya shigar da ita ta ƙofar baya. Ya yi kuɗi sosai. Ban je jana'izarsa ba." Ta turo mini faranti ta ce in ci.

Washegari na sa babbar rigata, wadda na yi niyyar ajiyewa sai ranar komawa. Na ajiye wa Henrik fom ɗinsa fari fat yadda ya ba ni. Na yi niyyar magana a hankali, amma waɗanda suka san ni sun san ba a nan na fi ƙarfi ba.

Na ce, "Kun tambaye ni wa ya koya mini, na gaya muku. Larabcin da kuka gwada ni da shi kuka ce na ci, a zauren nan na same shi, a kan buzu, ba a jami'a ba. In yana da datti, to abin da kuke son saya a wajena ma yana da datti, ku bar shi. Ku aika Mandawari ku tambayi kowa wane ne Goni, Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Amma ni da hannuna ba zan goge shi ba. In aikin ne, ku riƙe abinku."

Na tsaya ina huci, ina jiran a nuna mini ƙofa. Henrik ya ɗauki fom ɗin, ya juya shi gaba da baya, ya jefa a aljihun tebur inda na hango irinsa da yawa. Sannan, wallahi, ya yi murmushi.

Salvu ne ya yi bayani, kuma da yarensu ya fara, a hankali yadda zan gane, kafin ya koma Ingilishi. Ya ce sun riga sun bincika Baba tun kafin in taso, ba su sami komai ba sai tsoho da littattafai. Matattun ne suka rikita su, kuma jiya an warware. Farin fom ɗin kuwa kowa suke miƙa wa, a daidai wurin da suka ga yana masa ciwo. "Aikin nan," in ji shi, "za ka riƙa jin abin da ba mai ji sai kai. In ka ce ga abin da aka faɗa, ba mu da hanyar musawa. Mutumin da zai cire suna ɗaya don ya sami sauƙi, ba za mu iya ba shi kunnenmu ba. Da yawa suna cikewa."

Na ce, "Da na cike fa?"

"Da ka ci abincin rana a jirgi."

Ya raka ni har bakin ƙofa. A nan ya gaya mini cewa shi ma da aka ɗauke shi aiki yana saurayi, an ga yana gane maganar mutanen Libiya ba tare da ya yi makaranta ba, aka zaunar da shi a ɗaki irin wannan aka ce a wajen wa ya koyi Larabci. "Na ce a wajen uwata. Suka ce in ba da adireshinta da sunayen waɗanda take hulɗa da su. Na ba su sunan limamin cocinmu da mai sayar mata da kifi." Muka yi dariya har mai gadi ya leƙo. Kwana biyu bayan haka aka ba ni takardar ɗauka. Na karanta ta sau huɗu a cikin bas, na wuce tashata ban sani ba, kuma ban ji haushi ba ko kaɗan. Inna ta dafa zomo na musamman, da ruwa zalla, ta tsaya a kaina na cinye.

Ranar da na sauka Kano ban ko cire takalmin tafiya ba na shiga zaure. Bayan ɗalibai sun watse na durƙusa na gaya wa Baba komai, har abin da na ɓoye masa da farko. Ina jiran ya yaba mini. Ya saurara idonsa a rufe, sannan ya ce, "Karanto mini su yadda ka rubuta."

Na fara jerowa. Ina kaiwa na shida ya ɗaga hannu.

"Daga wa Goni Mele ya karɓa?"

"Daga mahaifinsa, Baba."

"Mahaifinsa ya rasu yana goye. Daga uwarsa ya karɓa, Ya Amsa, ita ta karɓa daga mijin. Sau nawa zan gaya maka? Goma sha takwas ne." Ya buɗe ido ya dube ni. "Mutanen nan sun ɗauke ka don ba ka ɓoye kowa ba, ga shi ka bar musu mutum guda a waje. Ka rubuta musu."

"Baba, an riga an rufe fayil."

"Su buɗe."

Na rubuta wa Salvu, ina jin kunya, na ce akwai gyara. Ban sa ran amsa ba. Bayan kwana tara sai ga ta, layi biyu: an ƙara sunan a gurbinsa, tsakanin na shida da na bakwai, kuma Henrik yana tambaya ko ita ma ba ta da lambar waya.

Na karanta wa Baba. Ya ce, "Yanzu ka ci jarrabawar," ya jawo littafinsa ya ci gaba daga inda ya tsaya.